Na-Sani Da Gida Mai Tabki Biyu

Mijin yayata kafinta ne, kuma in za a faɗi gaskiya, hannunsa na da kyau. Bakinsa ne matsalar. Ba ka isa ka kai ƙarshen magana a gabansa ba, kana buɗe baki zai ce, "Na sani." Ka ce masa an yi haihuwa a gidanku, ya sani. Ka ce masa haƙori ke damunka, ya sani, har ya nuna maka haƙorin da yatsa, alhali ba shi ba ne. Shi ya sa ba mai kiransa da sunan yanka, kowa Na-Sani yake ce masa. Ni direban motar kaya ne, ni na kwashe musu kaya ranar tashi, saboda haka wannan labarin ba ji na yi ba. Da idona na gani, wandona a jiƙe.

Abin ya faro ne ranar da mai gidan da suke haya ya ce zai mayar da ɗakunan shaguna, su nemi wani wuri. Yaya ta shiga damuwa, don hayar cikin gari ta fi ƙarfinsu. Shi kuwa Na-Sani ko a jikinsa.

"Dama na gaji da cikin gari," in ji shi. "Hayaƙi, hayaniya, tsada. Bakin ruwa za mu koma. Duk wani babban mutum da kika sani, bakin ruwa yake zaune."

"Maigida, mu ba manyan mutane ba ne."

"Za mu zama, in mun koma."

Yaya ta ce, "Ni dai ko ina ne, a samo inda kekena zai zauna lafiya. Shi kaɗai na roƙa."

Keken ɗinkin nan na mahaifiyarmu ne, Allah ya jiƙanta. Baƙi ne, mai taka ƙafa, zanen jikinsa duk ya goge a inda hannunta ke dafawa. Da shi ta yi mana ɗinkin makaranta, da shi kuma Yaya ke riƙe gida duk lokacin da aikin katako ya yi ƙasa. Ta fi yarda a taɓa idonta da a taɓa shi.

Na-Sani ya bugi ƙirji. "Kekenki? Ko ƙura ba za ta hau shi ba. Ki rubuta ki ajiye."

Muka shiga neman gida a motata. Tabkin farko da muka je, gidajen duk masu dogayen katangu ne, maigadi ya kore mu tun kafin in kashe mota. Na-Sani ya ce dama iskar wurin ba ta yi masa ba. Na biyu kuwa da dillali ya faɗi kuɗin haya, sai da Na-Sani ya nemi ruwan sha. Ya ce ba tsadar ce ta dame shi ba, ƙofofin ne ba a yi su da katakon kirki ba.

Rannan wani dillali ya kai mu can bayan gari, inda tabki biyu ke fuskantar juna, ɗaya gabas ɗaya yamma. A tsakaninsu akwai 'yan gidaje a kan tudu, sai gida ɗaya tilo a ƙasa, cikin kwari, yana zaune shi kaɗai. Ƙarshen rani ne, kowane tabki ya ja da baya can nesa. Ɗaki uku, falo, kicin, ga fili. Da dillali ya faɗi kuɗin, na ɗauka na wata ɗaya ne, ashe na shekara ne.

Na ce, "Malam, me ya sa yake da arha haka?"

Dillali ya sosa ƙeya. Bawan Allah, ya so ya faɗi gaskiya. Ya ce, "To, ka san in damina ta yi nisa..."

"Na sani!" in ji Na-Sani. "Sauro. Za mu sa raga a taga."

Dillali ya dube shi, ya dube ni, ya haɗiye sauran maganar ya miƙa takarda.

Ni tun a ranar gidan bai kwanta mini ba. Dokin ƙofarsa ya kai gwiwa, sai ka ɗaga ƙafa kamar za ka hau babur. Bangon daga ƙasa zuwa daidai ƙirji ruwan ƙasa ne, daga nan zuwa sama fari, layin ya miƙe sambal ya zagaye kowane ɗaki. Wanda ya tashi ya bar gadaje uku, kowanne ƙafafunsa sun fi ni tsawo kaɗan, har da ɗan tsani a jingine. Kantoci duk suna can kusa da rufi. Ga ƙugiyoyin ƙarfe suna reto daga sama. A waje kuma, gefen taga, an kafa wani ƙaton zobe a bango.

"Ka ga fenti kala biyu?" in ji Na-Sani. "Yayin masu kuɗi ke nan. Zoben nan kuma na ɗaure akuya ne."

"Akuya a tsayin taga?"

"Babbar akuya. Kai direba, tuƙi ka sani, bar mini harkar gida."

Ranar da suka tare, sau uku dokin ƙofar nan yana kayar da shi. A na ukun da tukunya a kansa. Ya tashi ya kakkaɓe riga, ya ce wanda ya gina gidan nan bai taɓa riƙe ma'auni ba, amma yanzu gwani ya iso.

Washegari da na kawo sauran kaya na tarar ya fito da gadajen tsakar fili, yana ta aikin zarto. Maƙwabta sun sauko daga tudu sun yi cirko-cirko suna kallo. A gabansu akwai wani dattijo masunci, mai farin gemu, da koma a kafaɗa.

Dattijon ya yi sallama ya ce, "Sannu da aiki, ɗana. Ƙafafun gadon kake yankewa?"

"Gyara nake, Baba. Mutum zai kwanta, sai ya hau tsani kamar mai gyaran kwanon rufi?"

"Ai wanda ya yi su haka, dalili gare shi. Ka ga nan wurin..."

"Na sani. Macizai. Na zo da magani."

"Ba macizai ba. Tabkunan nan biyu..."

"Na sani, Baba, na ƙirga su. Biyu ne."

Dattijo ya shafa gemu. Can ya ce, "To, guntayen ƙafafun nan, kana da buƙatarsu?"

"Kwashe! Kyauta!"

Kafin ka ce me, an yi wawason ƙafafu goma sha biyu. Wata mata har tana ce wa mijinta ya ɗauko mai kaurin, tasu ta fara ruɓewa. Na-Sani ya bi su da kallo yana murmushi.

"Ka gani? Ko kwana biyu ban yi ba, sun gane katakon da ya bi ta hannuna."

Daga nan ba abin da ya tsira. Ya sauko da kantoci daidai gwiwa, wai don yara su riƙa ɗaukar kofi da kansu. Ya sa guduma ya farfashe dokin ƙofa, ya share wurin tas har kaza ma ta shiga ba ta ɗaga ƙafa ba. Ya bi ƙugiyoyin rufi yana tumɓukewa, sai guda ɗaya a falo da ta gagare shi. Ya yi lilo a jikinta, ya zage ta, ya zagi wanda ya kafa ta, ta ƙi. Ya ce ya bar ta ne da gangan, don ado.

Sai aka zo kan keke. Dattijo masunci ya sake saukowa, ya leƙo ta taga ya ga keken a falo, ya ce, "Wannan kam kada ku bar shi a ƙasa, don in suka zo, ba sa sallama."

"Na sani! Ɓarayi!" in ji Na-Sani. "Allah ya saka da alheri, Baba."

A ranar ya huda siminti, ya ɗaure ƙafafun keken da noti huɗu, ya zuba sabon siminti a kai. Bai tsaya nan ba, ya sa abin goge ƙarfe ya cinye kan notin har suka zama sumul, yadda ba sifanar da za ta kama su. Ya ƙera wa keken murfin katako mai kyau, ya sa kwaɗo, ya miƙa wa Yaya makulli kamar mai ba da kyautar mota.

"Yanzu ko ni da na ɗaure shi ban isa in ɗaga shi ba."

Yaya ta ce, "Haka ne." Amma na lura tun daga lokacin ta shiga hawa tudu kullum da yamma, wurin matar masunci, wai tana koyon gyaran kifi. In ta dawo sai ta tsaya a falo tana kallon layin bango.

Damina ta sauka, ciyawa ta yi kore, tabkuna suka matso. Na-Sani ya ce ka ga, har ruwa ya san an yi baƙi na kirki. Sai ya yanke shawarar haɗa liyafa, don a zo a ga gida. Ya gayyaci abokan sana'arsa, ya gayyaci dangi, ya kuma aika musamman a kira tsohon mai gidansu, wanda ya tashe su. Wannan shi ne babban baƙo, don shi ake so ya ji haushi.

Ranar liyafa gari ya waye tas, rana ta fito. Na iso da kujerun haya, sai na ga mutanen tudu suna ta sauko da kwalekwale daga kan rufin gidajensu. Dattijo masunci ya tare ni a hanya.

"Direba, kada ka bar motarka a kwari. Kwana uku ana ruwa a kan duwatsu, yau zai iso."

Ni ba Na-Sani ba ne. Na juya mota na kai ta can ƙolin tudu, na sa dutse a taya. Da na gaya wa mijin yayata, ya nuna mini sama.

"Ka ga hadari?"

"Ban gani ba, amma Baba ya ce..."

"Na sani. Tsofaffi da tsoro."

Baƙi suka cika falo wajen azahar. Na-Sani ya sha babbar riga fara, yana zagayawa da su ɗaki-ɗaki. Ya nuna gadaje, ya ba da tarihin yadda ya same su da yadda ya mayar da su. Ya nuna kantoci. Ya kai su gaban keke, ya ƙwanƙwasa murfin, ya ce duk wanda ya ɗaga shi ya ba shi gidan. Ƙarti biyu suka gwada, ko motsi. Wani ya ɗaga kai ya ga ƙunshi cikin tsohon zane yana rataye a ƙugiyar nan da ta gagara, ya tambaya mene ne.

"Albasa ce," in ji Na-Sani, ko kallon wurin bai yi ba. "Harkar mata."

Aka zauna cin abinci. Ya tsaya a tsakiya, ya fuskanci tsohon mai gida.

"Alhaji, ka taimake ni da ka tashe ni. A gidanka, in ina son ruwa sai na bi layin famfo. Nan kuwa tabki gabas, tabki yamma. Saura kaɗan in ce ruwa har ɗaki yake zuwa ya same ni."

Tsohon mai gida ya dubi ƙasa. Ya ce, "Ai kuwa ga shi nan ya zo."

Wani siririn ruwa ne ya shigo ta ƙofar gaba, ta daidai inda dokin ƙofa yake a da, ya miƙe a kan siminti abinsa. Na-Sani ya ce yara ne suka zubar da bokiti. Ya ƙwala wa Yaya kira ta kawo tsumma. Kafin tsumma ya iso, wani ruwan ya shigo ta ƙofar baya. Muna zaune muna kallo, na gabas da na yamma suka haɗu a ƙarƙashin kujerar babban baƙo.

"Wannan danshi ne," in ji Na-Sani. "Kowane gidan bakin ruwa yana yi. Ku ci abinci."

Takalman da aka tuɓe a bakin ƙofa suka shigo falo da kansu, a jere. Wani ya ga nasa zai wuce kicin, ya bi shi da gudu. Nan fa wuri ya hargitse. Masu hawa kujera na yi, masu naɗe wando na yi. Kofunan da ke kan kantocin gwiwa suka tashi suka bi takalma. Tsohon mai gida ya ruga ɗaki ya haye gado, gadon da aka yanke wa ƙafa, katifa ta ɗaga da shi ta fara juyawa a hankali, yana riƙe da faranti yana salati.

"Kowa ya kwantar da hankalinsa!" Na-Sani ke ihu, ruwa a gwiwarsa. "Na san abin da ke faruwa!"

"To me ke faruwa?" in ji wani abokin sana'arsa daga kan tebur.

"Wucewa zai yi!"

"Ai muna gani yana wucewa, ta cikin falonka!"

Sai ga kwalekwale a bakin taga. Dattijo masunci ya zura igiya a zoben nan na babbar akuya, ya ɗaure, ya ce a fara miƙo yara da mata. Bayansa wasu kwalekwalen uku, mutanen tudu sun zo kwashe baƙi, wasu kuma kallo kawai ya kawo su. Yaya ta miƙa 'ya'yanta biyu ta taga, ta haye ita ma ta zauna kusa da matar masunci.

Ruwa ya kai cinya. A nan ne na ga fuskar Na-Sani ta sauya. Ya juya ya dubi keke, ya dubi layin da ke bango, ya sake duban keke. Layin ya fi murfin keken tsawo da kusan taƙi guda. Sai yanzu ya gane wanda ya yi fentin.

Wallahi ni ma sai na zabura. Keken mahaifiyarmu ne. Muka yi kansa mu biyu, muka kama, muka ja. Ina! Aikin Na-Sani ne, kuma na gaya muku hannunsa na da kyau. Ya ce a kawo sifana, akwatin kayan aikinsa na ƙarƙashin ruwa. Ya nutsa ya lalubo ta, ya sake nutsawa wurin notin, sifana ta zame a kan ƙarfen da ya goge da hannunsa. Ya taso yana tari, hula ta tafi, babbar riga ta naɗe masa wuya. Ya sake komawa. Sau biyar ina ƙirgawa. A na shida na riƙe shi, don na ga abin ya fara wuce wasa.

Ruwa ya taɓa gindin murfin. Na-Sani ya rungume murfin nan da hannu biyu kamar zai hana ruwa hawa. Mutanen da ke cikin kwalekwale suka daina dariya. Ya juya wajen taga, gemu na ɗiga, ya dubi Yaya.

"Maman yara, ki yafe mini. Abu ɗaya kika roƙe ni. Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

Shekara goma sha huɗu da aurensu, ban taɓa jin kalmar nan a bakinsa ba. Tausayinsa ya kama ni, duk da haushinsa da nake ji.

Yaya ta ce, "Me ka ce? Ruwa na ƙara, ban ji ba."

"Na ce ban sani ba!"

"Baba, ka ji?"

Dattijo ya ce, "Na ji, 'yata. Har na tudu sun ji."

Sai ta kwance makulli daga bakin zanenta ta jefo mini. Na buɗe kwaɗo, na ɗaga murfi. Wayam. Teburi ne kawai da ramin da kan keke ke zama.

Yaya ta nuna sama da leɓe. "Ga albasarka can."

Muka ɗaga kai. Ƙunshin nan na reto a ƙugiya, ruwa bai ko kusa da shi ba. Ashe tun da safe, yana can yana aski saboda baƙi, ta cire bel ɗin da ke juya keken, ta kwance kan keken daga teburinsa yadda kowane tela ya iya, ita da matar masunci suka naɗe shi suka rataye.

"Ƙafafun ƙarfe ne, in ruwa ya janye a shafa musu mai," in ji ta. "Da ka bar Baba ya ƙarasa magana tun ranar farko, da yanzu kana kan gado a bushe."

Dariyar da aka yi a bakin tagar nan, na tabbata an ji ta a tabki biyun. Tsohon mai gida, da aka fito da shi ta taga har yanzu da farantinsa, ya ce wa Na-Sani gaskiya gidan ya fi nasa ruwa.

Kwana tara suka yi a tudu, a ɗakin da masunci ya ba su, kafin ruwa ya koma inda ya fito. Na ɗauka Yaya za ta ce in kawo mota a koma gari. Ta ce ba inda za ta. Hayar daidai ƙarfinsu ce, makarantar yara na kan tudu, matan wurin kuma ba su da tela, har sun fara kawo mata ɗinki. Wanda ya zauna kafin su ya shekara bakwai a gidan lafiya lau, da dogon gado da ƙugiya. Sharaɗinta ɗaya ne, a mayar da komai yadda aka same shi.

Haka Na-Sani ya bi gidajen tudu ɗaya bayan ɗaya yana sallama, yana roƙon ƙafafun gadonsa. Bakwai ya samu. Sauran an riga an kafa su a gadajen mutane, matar nan mai son mai kauri ma cewa ta yi kyauta ba ta komawa.

Ranar da zai sake gina dokin ƙofa ina wurin, na kawo masa yashi. Dattijo masunci ya sauko ya tsaya a kansa, ya ce, "Ɗana, in za ka ɗora bulo na biyu..."

"Na sa..."

Ƙarar keke ta tsaya cak a falo. Na-Sani ya waiga, ya ga Yaya ta leƙo ta taga, zare a bakinta. Ya ajiye cokalin gini, ya jawo wa dattijo kujera.

"Zauna, Baba. Faɗa mini, har ƙarshe."